Yadda Fatar Ragona Ta Ƙare a Gareji

Ban gaji dukanci ba. Mahaifina direban babbar mota ne, ni kuwa aikin ofis nake yi a wata makarantar sakandare, daga wannan takarda sai waccan. Abin da ya haɗa ni da fata, igiyar jakata ce ta tsinke ina ƙoƙarin sauka daga bas a Sabon Tasha, takardun mutane suka watse a bakin titi. Da na dawo gida na ari basillar da matata ke ɗinke buhun masara da ita, na zauna na ɗinke igiyar. Ɗinkin ya fito a karkace, amma ya riƙe. Na yi ta jujjuya jakar ina kallonsa kamar ni na ƙirƙiro ɗinki a duniya.

Daga nan ciwon ya kama ni. Na shiga kallon bidiyon masu ɗinkin fata a waya, na riƙa haye gadar kogin Kaduna ina zuwa cikin gari wajen masu takalma ina sayo guntayen fatar da suka rage musu. Na sayi wuƙa, da tsinken huda, da zare, da kakin zuma na goge zaren. Duk ranar Asabar sai in baje kayana a baranda, in yi lalitar kuɗi, in yi gidan waya, in yi abin rataya mukullai. Duk wanda ya kawo mana ziyara a shekarar nan sai ya tafi da abin mukulli, ko yana so ko ba ya so.

A lokacin muna haya a Mahuta, a gidan wata dattijuwa ’yar kudancin Kaduna, tsohuwar ma’aikaciyar jinya, wadda kowa a layin ke kira Mama. Ita ke sashen gaba, da kajinta da shukar yakuwarta. Mu muna tsakiya. A sashen baya kuma akwai wani makanike Inyamuri mai gareji a Kakuri, dogo mai ƙatuwar dariya, wanda muke ce wa Oga. A Kaduna aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu ’yan uwana gudu.

Da Babbar Sallah ta zo, cikin damina, muka yanka ragonmu a tsakar gida. Oga ne ma ya riƙe mini ƙafafun ragon, Mama ta ba mu aron babban baho. An gama fiɗa, ana ta rabon nama, sai na tsaya ina kallon fatar a shimfiɗe a ƙasa, fara sol da ɗigon baƙi a wuya. Na ce a raina, ni da nake yawon tsintar guntaye, ga fata sukutum Allah ya kawo mini har gida.

“Wannan fatar ba za a bayar ba,” na gaya wa matata. “Jeme ta zan yi da kaina. Jaka zan yi miki da ita, irin wadda babu mai ita a garin nan.”

Ta ɗago daga kan kayan cikin da take wankewa ta dube ni.

“Baban yara, ka taɓa jima?”

“Na ga yadda ake yi.”

“A waya?”

“A waya. Kuma gwaggona ta ce maƙwabtansu a ƙauye majema ne, za ta tambayo mini.”

Ta ce Allah ya taimaka, ta ci gaba da aikinta.

Bayanin da gwaggo ta aiko ta waya bai da tsawo. A jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki, a kankare, a sake jiƙa ta a ruwan kashin kaji don ta yi laushi, sannan a tsoma ta cikin ruwan bagaruwa ta jemu. Na ji abin kamar dafa taliya. Na sayo ’ya’yan bagaruwa a wajen masu maganin gargajiya, na samo toka wajen mai ƙosan bakin layi, na cika wata tsohuwar roba a bayan gida kusa da tagar Oga, na tura fatar ciki na rufe da kwano.

Sai na je wajen Mama da ladabina na ce ko za ta taimaka mini da kashin kajinta.

“Ɗana, lambu za ka fara?” ta tambaya, fuskarta cike da murna. “Madalla! Da ma na ce wurin nan na bayanku ya dace da tumatir.”

Na yi wani ɗan murmushi na ce wani abu ne dai mai kama da haka. Ta sa tsintsiya da kanta ta share mini akurki, ta cika mini leda.

Kwanakin farko lafiya lau. Da gashin ya fara saki na kankare shi da bayan wuƙa, ina jin kaina kamar wani sarkin majema. Matsalar ta fara ne bayan na mayar da fatar cikin ruwan kashin kaji, aka yi ruwan sama, rana kuma ta buɗe da zafinta. Na dawo daga aiki tun daga bakin layi na ji wani abu ya daki hancina. Na ce oho, wani kare ya mutu a kwata, Allah ya sa masu shara su zo. Ina matsowa gida abin yana ƙaruwa. Na tarar da Mama a ƙofar gida, ta ɗaure hanci da ɗankwali, tana riƙe da sanda tana bincika ƙarƙashin shukoki. Oga kuma ya cire silin ɗin ɗakinsa guda, kansa na cikin rufi, yana neman mataccen ɓera da tocilan.

“Malam, ka zo a daidai,” ya ce daga sama. “Abin nan ba ɓera ba ne, wallahi ya kai gafiya. Jiya ko abinci ban iya ci ba.”

Matata na tsaye a bakin ƙofarmu, ta harɗe hannu. Kallona kawai take yi, irin kallon da ke cewa, to bismilla.

Na kai su bayan gida na ɗaga kwanon. Ƙudaje suka tashi guu. Mama ta ja da baya har ta kusa taka kazarta.

“Yesu! Wannan ne tumatir ɗin?”

Oga ya sauko daga rufi, ƙura a kansa, ya leƙa robar, ya dube ni, sai ya fashe da dariyar nan tasa har yana dafa bango. Ya ce shi da ya kwana yana zargin takalmansa, har ya jefar da guda biyu.

Na ba da haƙuri iyakar iyawata, na ce yanzun nan zan kai ta bola. Abin mamaki, Mama ce ta hana. Ta ce aikin da aka riga aka sha warinsa ba a zubar da shi, sai dai a ƙarasa shi inda babu mutane. Tana da ƙane mai gona a Kakau, kan hanyar Abuja, akwai rafi a ƙasan gonar. Nan take ta kira shi a waya, suka yi magana da yarensu, na ji tana ta ambaton “Malam” tana dariya.

Ranar Asabar da safe Oga ya fito da tsohuwar a-kori-kurarsa, muka ɗaure robar a baya da igiya. A hanya wani mutum mai buhun taki ya tsayar da mu ya roƙi a rage masa hanya. Oga ya ce ya hau baya. Ba mu yi nisa ba muka ji ana dukan rufin mota da ƙarfi. Mutumin ya diro ya ce ya gode, ya tuna yana da wani uzuri a nan kusa. Mun bar shi a tsaye tsakiyar daji da buhunsa, yana fifita fuska da hula.

Ƙanen Mama mutum ne mai sanyin hali, gajere, mai furfura a gemu. Bai san komai game da jima ba, ya kuma faɗa mini haka tun kafin mu gaisa sosai. Ya nuna mini wata inuwar ɗorawa a ƙarshen gonar masararsa, ya ce in yi abin da zan yi a can, iska ba ta kaɗowa ta wajen gida. Na wanke fatar a rafi har hannuwana suka yi fari, na daka bagaruwa a turmin matarsa, na jiƙa, na tsoma.

Daga nan Kakau ta zama wurin zuwana duk ƙarshen mako. In je in juya fata, in ƙara bagaruwa, in zauna a gindin ɗorawa ni da manomin muna cin gasasshiyar masara. Ya ba ni labarin shekarun da ya yi a masaƙa a Kakuri kafin a rufe ta ya koma noma, da yadda har yanzu yake iya gane yadi mai kyau da ido a rufe. Ni kuma na yi ta yi masa bayanin ɗinkin fata da allura biyu, yana gyaɗa kai don kada in ji kunya. Watarana ma mantawa na yi da fatar, sai da na hau mota na tuna ban duba ta ba.

Da ta jemu na shafe ta da man gyaɗa, na miƙar da ita a inuwa, na yi ta murza ta a jikin reshe. Ta fito ruwan ƙasa mai kyau, sai dai ba ta yi laushin da na gani a waya ba. Tsakiyarta ta yi dama-dama, gefunan kuwa kamar kwali. Wari ya tafi, ko dai hancina ne ya saba.

Na ɗinka wa matata jakar da na yi alkawari. Na yi mata marfi, na yi mata aljihu a ciki, na kitsa igiya. Idan ka ajiye ta a ƙasa tsayawa take yi ƙyam da kanta kamar akwatin rediyo. Matata ta karɓa da hannu biyu, ta juya ta, ta ƙwanƙwasa gefenta da yatsa, ta ce, “Kai, wannan ko jikokina sa gaje ta.” Ban gane ko yabo ne ba, na dai karɓa a matsayin yabo.

Don ta faranta mini, ta rataya ta zuwa bikin wata abokiyar aikinta a Unguwar Boro. Tana cikin keke napep ruwa ya sauko, feshi ya jiƙa jakar. Ashe warin bai tafi ko’ina ba, kwanciya ya yi yana jiran ruwa. Ta ce a wurin bikin duk teburin da ta zauna sai mata su fara duba ƙasan takalmansu. Wata tsohuwa ta jawo jikanta ta shinshina wandonsa. Daga ƙarshe ta kai jakar bayan wata tukunyar furanni ta ɓoye, ta ci shinkafarta cikin kwanciyar hankali, da za ta tafi ta ɗauko abinta.

Da ta dawo ta ajiye ta a gabana a baranda, ta ce, “Baban yara, na gode, Allah ya saka. Amma ni da jakar nan sai dai mu riƙa gaisawa daga nesa.”

Oga na zaune a kan benci yana wanke hannu da omo da yashi. Ya miƙo hannu ya ɗauki jakar, ya ja igiyar da ƙarfi, ya matsa gindinta, ya shinshina.

“Wannan ne warin? Madam, ki zo garejinmu ki ji wari. Malam, ka ba ni ita. Jakar sifanata ta buhu ce, kullum sai ta yage.”

Washegari ya zuba mata sifanu da filaya da sukundireba ya tafi da ita Kakuri. Cikin ɗan lokaci baƙin mai ya shiga jikinta, ta yi laushi, ta yi wani sheƙi mai duhu da ban taɓa iya samarwa da gangan ba, warin bagaruwa da na kaji kuma ya bi na gareji ya ɓace. Ba a jima ba ya dawo mini da saƙo: mai gyaran wayar mota na kusa da shi yana son irinta, amma da ƙananan aljihuna. Bayan shi mai faci, bayan shi wani mai gyaran janareto daga Sabon Tasha, wanda ya zo har gida da kayan aikinsa a leda ya zube mini su a baranda ya ce in auna.

Ni da na yi mafarkin jakunkunan ’yan gayu a kafaɗar mata, sai ga shi yau in ka shiga garejojin Kakuri ka ga jaka mai kaurin ɗinki rataye a jikin ƙusa ta sha baƙin mai, da wuya in ba tawa ba ce. Na daina jima, kowa ya huta. Fatar shanu jemammiya nake sayowa daga cikin gari, mai kauri, irin wadda masu jakar mata ba sa so. Makanikai ba ruwansu da ado. Su dai kada ta yage, kuma sifana mai lamba goma ta samu aljihunta ita kaɗai, don ita ce kullum ke ɓata.

Matata ta samu jakarta daga baya, ta jar fata mai laushi da na zaɓo da kaina, na kuma jiƙa guntunta a kofi na shinshina kafin in saka wuƙa. Tana zuwa aiki da ita har yanzu.

Kwanan baya Mama ta kawo mini Littafinta Mai Tsarki, bangonsa ya rabu saboda yawan buɗawa, ta ce in yi masa riga mai zif da ɗan hannu, yadda za ta riƙa rataya shi zuwa taron zumuntar mata. Na auna, na yanka, na ɗinka mata a ranar Asabar ɗaya, tana zaune kusa da ni tana gyaran wake tana gaya mini inda na karkace. Da ta je coci da shi ranar Lahadi, ta dawo da jakar bako irin ta cefane cike da littattafan ƙawayenta, kowanne da irin launin da mai shi ke so. Suna nan jere a kan kabad ɗinmu, ina bin su ɗaya bayan ɗaya.