Dutsen Baimurat ɗan Otegen

Shekara arba'in Baimurat ya yi yana sassaƙa sunayen mamata a kan duwatsun kaburbura a bayan garin Semey, kowane suna da wutsiyar "ov" da Rashawa suka liƙa wa Kazakawa. Da tsufa ya zo, ya sassaƙa nasa dutsen, ya rubuta "Otegenuly" babu wutsiyar "ov", wato ɗan Otegen da harshen Kazakawa. Da la'asar yakan jingina da shi, ya lumshe ido, ya hango marigayi mahaifinsa bisa doki yana keta ciyawa.

"Tsoho, mutuwar ma gaggawa kake mata?" in ji matarsa Aisulu, tana miƙo masa nonon goɗiya.

"A'a. Gudu nake Baba ya zo nemana, ya ga "ov" a dutsena, ya wuce, ya zaci ɗan Rasha ne a kwance."