Ciki da Falo a Gidan Rijiya

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da ƙanwata da direban da ya ɗauko mu. An turo ta aikin jinya Potiskum, ranar Litinin za ta fara, ga shi Asabar ta yi ba ta da inda za ta sa haƙarƙarinta. Umarnin mahaifiyarmu ɗaya ne: in samo mata ɗaki mai tsaro, ko in dawo da ita.

Hanya ta yi mana kyau har Azare, inda muka sha furar da ta sa direba yin shiru na awa guda, abin da ban taɓa zaton zai iya ba. Tun kafin mu shiga Potiskum tireloli suka tare mu, jere hagu da dama. Ban taɓa ganin manyan motoci da yawa haka a wuri ɗaya ba.

Dillali ya zaga da mu gidaje uku na bulo, kowanne zafi kamar tanda. Daga nan ya ce akwai ciki da falo a tsohuwar unguwa, cikin Hausari. Muka ajiye mota da direba a bakin lungu, muka taka.

Jama'a, na ga gini. Katangar ƙasa ce, kaurinta ya kai tsawon hannuna. Rufin azara ya yi baƙi don tsufa, amma ko ɗaya bai lanƙwasa ba. Da muka shiga ɗakin sanyi ya ratsa ni, har na ɗaga kai ina neman fanka, babu. A tsakar gida ga wata rijiya, igiyar guga ta ci dutsen bakinta har ta yi masa kwari. Na sa yatsa a ciki, na ji zurfinsa.

Mai gidan tsohuwa ce, kowa Iya yake ce mata. Ta ce sharaɗinta ɗaya: kakan mijinta ne ya haƙa rijiyar, ya bar wasiyya kada a hana kowa ruwa, don haka ba a rufe ƙofar gida daga asuba har magariba.

Nan bakina ya ja mini. "Iya, mace ce ita kaɗai. Ai sai a sa kwaɗo."

Ta dube ni, ta miƙa wa dillali hannu. "Ɗana, ba ni makullin ɗakina. Ku kai ta sabuwar unguwa."

Ƙanwata ta harare ni, idonta ya ciko.

Muna tsaye cirko-cirko sai ga direbanmu ya shigo yana share gumi. Ya ce don Allah wani ya fito ya shaide shi. Mata huɗu masu zuwa ɗiban ruwa sun tsare shi, kowacce sai ta ji wane ne shi da wurin wa ya zo, wani dattijo kuma ya kafa kujera kusa da motar ya ƙi tashi.

Iya ta juyo ta dube ni. Ni kuwa kunya ta rufe ni. Na durƙusa na ba ta haƙuri, ƙanwata ma ta durƙusa. Ta daɗe tana kallonmu, sannan ta sa wa ƙanwata makullin a tafin hannu. "Don ke na yi, 'yata. Yayanki sai a hankali."

Lahadi da yamma na iso gida. Tafiyar ta koya mini cewa ni ɗan birni tsaro ɗaya na sani, na ƙarfe. Mahaifiyarmu ta tare ni tun daga zaure, ta ce, "Ƙofar gidan tana da ƙarfi?"

Na ce, "Umma, ba a ma rufe ta."

Ta zauna na kwashe labari na faɗa mata. Da na gama ta ce, "Haka gidan ubana yake. Bar ta a can."