Mma Balki da Kafaɗar Huda

A Moshi Zango da wuya mace ta rasu ba hannun Mma Balki ne ya wanke ta ba. A unguwar aka haife ta. Mahaifinta ɗan dakon goro ne da ya zo daga arewa, gwaggonta kuma ita ta koya mata wankan gawa tun tana amarya. Ana girmama ta, amma ba a cin abinci kwano ɗaya da ita, kuma idan ta miƙa hannu a gidan suna, sai a ce jaririn ya yi barci.

Maƙwabciyata Huda tela ce. Bara motar haya ta tirotiro ta kife da ita da ƙanwarta a hanyar Ejisu. Ƙanwar ta rasu, kanta na kan kafaɗar Huda, kuma a haka suka zauna har aka ciro su. Likitoci sun ɗauki hoto, sun ce babu karaya, suka ba ta magani. Duk da haka kafaɗar ta ƙage, wuyan ya ƙi juyawa, kuma da zarar an taɓa wurin sai ta zabura tana makyarkyata. Ta kasa goya ɗanta Wahab, wanda bai kai shekara ba. Surukarta, Hajiya Rafia, ta yanke shawarar tafiya da shi Tamale ta yaye shi a can.

Wata safiya aka ga Mma Balki ta shiga gidan da baho, da butar ruwan ɗumi, da farin ƙyalle. Ba wanda ya tsaya tambaya. Mai wake da shinkafa ta rufe tukunyarta, mata suka ɗauki salati, samari suka fara jera benci a ƙofar gida, aka buga wa mijinta Munkaila waya a garejin Suame. Ni ma na yafa mayafi na tafi ta'aziyya.

Hajiya Rafia ta dawo daga kasuwa ta tarar da taron. Da ta ɗaga labulen ɗakin, muka ga Huda kwance rub da ciki a tabarma, idonta buɗe, Mma Balki na murza mata yatsu da man kaɗanya. Kukan ya tsaya cak. Wasu suka ja da baya har suna taka juna.

Hajiya ta ce, "Mma, da ranta za ki wanke ta?"

Mma Balki ba ta ɗago kai ba. "Ita ta aiko a kira ni, Hajiya. Ki saki labulen. Matattu ma ba na buɗe su ga jama'a, balle wannan."

Munkaila ya faɗo gidan yana kuka, baƙin mai har gwiwar hannu. Huda ta dube shi daga kwance ta ce, "Baban Wahab, jana'izata ce ka zo ko hannu ba ka wanke ba?"

Daga baya Mma Balki ta bayyana mini yadda take aikinta. Gawa takan sandare, kuma ba a tilasta mata. Ana gasa ta da ruwan ɗumi, a faro daga nesa, har gaɓar ta saki da kanta. Haka ta yi wa Huda. Ta daɗe tana zuwa ba ta wuce gwiwar hannu ba. Ranar da ta kai kafaɗar, sai ta ce, "'Yata, ni na wanke ƙanwarki. Jikinta bai yi mini gardama ba ko kaɗan." Huda ta fashe da kukan da ba ta yi ba tun ranar haɗarin, Mma Balki kuwa ta ci gaba da tausar ba ta rarrashe ta ba.

Hajiya Rafia ba ta fasa shirinta ba. Ran tafiya ta haɗa kayan yaron, ta miƙa hannu ta ɗauke shi. Huda ta riga ta. Ta sunkuya, ta cije leɓe, ta jefa shi a bayanta da hannun nan mai ciwo, ta ɗaure zanen. Ɗaurin ya karkace, gumi ya keto mata, amma yaron ya zauna daram.

Hajiya ta tsaya tana kallonta baki buɗe. Can ta kwance jakar yaron ta zazzage kayan a kan gado, ta ce wa Munkaila ya raka ta tasha.