Kin Taɓa Hawa Doki?

Jiya da yamma a Manchester, ina gyara tsirkiyar jita kafin in hau dandamali, sai ƙamshin man zafi ya bugo ni daga wani dattijo a layin gaba. Nan take na tuna Kawu, wan mahaifiyata, da ya rasu bara.

A motarsa na fara jin country, waƙoƙin karkarar Amurka. Kowace Lahadi in mun taso daga coci a Erdington, unguwarmu a Birmingham, sai ya tura tsohon kaset ɗin da ya zo da shi daga Kafanchan, yana bin waƙar da muryarsa mai kauri. Motar kuwa duk ƙamshin man da yake shafa wa gwiwa.

Ina jami'a na rubuta waƙata ta farko, na kai masa har gida. Duk dawaki ne da kaboyi a ciki. Ya saurara har ƙarshe, ya ajiye kofin shayi.

"'Yata, kin taɓa hawa doki?"

"A'a, Kawu."

"To ƙaryar ta mece ce? Mawaƙan country ɗin nan kewar gidansu suke rerawa. Ke kewar me kike yi?"

Na yi fushi, wata biyu ban leƙa shi ba. A Birmingham aka haife ni, lokacin ban san kewar komai ba.

Jiya waƙar da na rubuta a kan motarsa, da kaset ɗin, da man zafin na rera. Kawu, yanzu ina da amsa. Allah ya ba ka hutawa inda gwiwa ba ta ciwo.