Malama Ruƙayyatu da Matan da Suka Ci Sifiri

Kullum kafin a buga ƙararrawa, Malama Ruƙayyatu ta riga ta zauna a bencin gindin darbejiyar makarantarmu a Ƙaraye, jan biro a hannu, ɗalibai da sababbin malamai na bin layi. Ba ta duba takardar mutum sai ta tambaye shi ko ya karya. Shekara goma sha huɗu muna ofis ɗaya da ita, ƙarshen watan nan kuma za ta ajiye alli.

A 1987 tana digiri na biyu a ilimin halayyar ɗan Adam, tana bincike kan shaƙuwar uwa da ɗanta na fari. Ma'aunin da aka ba ta daga littafin ƙasar waje ya fito: uwar da ta ambaci sunan ɗanta ta yabe shi, ta ci maki. Tun lokacin mun saba da ita, na raka ta ƙauyukan Fulatan da Gwangwan a ƙasar Rogo, muka ga mata arba'in.

"Yaya sunansa?" ta tambayi wata mai suna Baraka.

Baraka ta ja mayafi ta rufe baki. "Haba Malama, ai da kunya. Tambayi Goggonsa."

Talatin da bakwai suka ci sifiri. Dukanmu mun tashi mun tarar da kunyar ɗan fari a gida, takardar ma'aunin ce ba ta san da ita ba. Saura wata biyu ta miƙa kundi. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, na ce ta rubuta hakanan ta karɓi digirinta.

"Maiturare," ta ce mini, "in rubuta Baraka ba ta son ɗanta? Da hannuna?"

Ta nemi ƙarin shekara, ba tabbas ma za a karɓi sabuwar hanyarta. 'Yan ajinta suka gama suka bar ta. Ta koma gidajen nan ba ta tambayi kowa komai ba, ta zauna a tabarma tana kallo. Ta ga uwa ta ware tsoka mai kyau ta ce a kai wa "wancan". Ta ga wadda ɗanta ke zazzaɓi ta kasa cin tuwo, tana ta aiken kakarsa ta dubo shi. Wannan ta rubuta, kuma aka karɓa.

Malama, ke ce mai haƙurin zama. Ɗalibanki tara yau malamai ne, ba wanda ya tsira daga jan bironki, kuma duk suna alfahari da hakan. Wallahi zan yi kewarki.

Ranar da Malama ta karɓo takardar digirin na bi ta gidansu. Ita ma 'yar fari ce. Mahaifiyarta ko kallon takardar ba ta yi ba, ta juyo gare ni ta ce, "Ce wa waccan ta ci abinci, ta rame." Malama ta yi dariya har da hawaye.

Mun gode, Malama. Masu tasowa a bincike, ku yi koyi da ita: ta ji sarai abin da tsohuwar nan ta ce mata.