Kiɗan da Ya Ratso Bango

Mamarmu tela ce, kuma a iya sanina ba ta taɓa riƙe abin wasan gem ba sai bana. Amma ta fi duk wanda na sani sanin wani tsohon gem na jirgin yaƙi, ta kunne kawai.

Shagonta na farko, tun tana budurwa, bangon langa-langa ne ya raba shi da ɗakin gem, irin mai manyan akwatunan nan da ake jefa wa kwandala a tsaya ana jan sanda. Ba ta taɓa leƙawa ba, don a ganinta matattarar 'yan zaman kashe wando ce. Sai dai shekara shida tana taka keke sautin yana shigo mata, har ta san ƙarar harbi, ta san ta faɗuwa, ta san mai wasa ya kusa mutuwa kafin shi ya sani.

Mai gyaran akwatunan kuwa, wanda ake kira Injiniya, kullum aljihunsa a yage yake, sai ya kawo mata ta ɗinke. Mama ta ce sai daga baya ta gane da hannunsa yake yagawa. Wata rana da azahar ta ji wani kiɗa mai sanyi da ba ta taɓa ji ba. Can sai ga Injiniya ya shigo jiƙe da gumi, wai ya kai ƙarshen gem ɗin, abin da ba wanda ya taɓa yi a ɗakin. Ta tambaye shi me ake nunawa a ƙarshen.

Ya ce, "Matuƙin ne yake sauka ya koma gida, ya tarar da wata tana ɗinki. Sai ta ɗago kai ta dube shi."

Shi ne ya zama Babanmu. Da kiɗan nan aka yi renon mu duka biyar, Mama tana rera shi da hanci. Ɗakin gem ya rufe, aka sayar wa 'yan gwangwan da akwatunan, Baba kuma ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Tambaya ɗaya ta rage mata, ko da gaske akwai matar nan a allon.

Da na ga an sake fito da gem ɗin a waya, na kai mata shago da zumuɗi. Na ɗauka za ta ce in daina shirme da girmana. Sai ta ture yadin da ke kan benci ta ce in zauna. Sa'ar da muka yi, sabon yana barin mutum ya ci gaba daga inda ya mutu, in ba haka ba da har yau muna mataki na biyu, don ni hannuna na riƙon biro ne.

Asabar uku muka yi. Ba ta kallon wayar, tana ɗinkinta tana ba ni umarni, in koma hagu, in daina ɓarnar harsashi, babban abokin gaba yana tafe. Kuma yana tafen. Masu kawo ɗinki suka riƙa tsayawa kallonmu, wata har ta manta da awon da ta zo yi.

Asabar ta uku kiɗan ya tashi. Keken ya tsaya. Ni na riga ta ganin allon, kuma na so in kife wayar. Ta sa tabarau ta karɓa da hannu biyu. Jirgi ya sauka a wani fili, rubutu ya yi ta hawa sama, shi ke nan. Ba gida, ba mace, ba keke.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta yi dariya har da hawaye, ta goge da ƙyallen da ke kafaɗarta.

Ta ce, "Ashe ba a allo ya gan ta ba. Maido min kiɗan daga farko."