Sunan da Nake Kira Cikin Duhu

Har yanzu idan dare ya raba sai na farka. Haka kawai idona zai buɗe, hannuna ya kai gefen katifa yana laluben yarinyar da ta bar wurin fiye da shekara ashirin.

'Yar fari ce. A ƙauyenmu na bayan Minjibir mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Ga shi kuma sunan uwar mijina aka sa mata, kunya ta zama biyu. Da rana "ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Idan ta faɗi a tsakar gida sai in ci gaba da surfena kamar ban gani ba, zuciyata tana tafasa, har wani ya zo ya ɗauke ta.

Amma da dare tawa ce. Za ta farka tana lalube, in ba ta nono, in kai bakina daidai kunnenta in kira sunanta a hankali, sau goma, sau ashirin. In ba ta labarin duk wanda ya ɓata min rai a ranar. Tana sha tana murza min kunne. Wallahi don wannan ɗan lokacin nake jure wahalar yini.

Da ta kusa shekara biyu ta riga ta saki nonon rana, tana shan kununta, tana cin tuwo. Saura na dare. Uwar mijina, wadda muke ce wa Inna, ta ce a ƙarasa yaye kafin a shiga noma, girkin masu aikin gona ya sha min kai. Ta jiƙa ɓawon maɗaci, kullum bayan isha'i ta shafa min a nono da hannunta don yarinyar ta ji ɗaci ta saki. Ni kuwa da sawu ya ɗauke sai in jawo buta in wanke tas. Kwana shida ina wannan satar. A rana ta bakwai da safe Inna ta ga ƙasar bayan ƙofata a jiƙe. Ba ta yi faɗa ba. Ta dube ni ta ce, "Yau a ɗakina za ta kwana."

Aka karɓo rubutun dangana wajen Malam, wanda ake ba yaro ya haƙura da nono, aka ba yarinyar ta sha. Ɗakin Inna yana kallon nawa. Da lokacinmu ya yi ta fara kuka, tana nemana. Na zauna a bakin ƙofa, nono ya cika ya yi tauri, yana zuba har zanina ya jiƙe. Me ya hana ni tashi? Kunya. Wai kunya! Kada gari ya waye a ce wance ta kasa haƙuri a kan 'yar fari. Har gobe ina jin haushin kaina.

Dare uku tana kuka. A na huɗu na farka na kasa kunne, ban ji komai ba. Ta daina jirana. Kukan na manta sautinsa, amma shirun nan shi yake tashina har yau.

Ba ta sake kwana a ɗakina ba. A wurin kakarta ta girma, ita take kira Inna, ni kuma Yaya.

Bara ta haifi nata na fari, ta zo gida wankan jego. Yaran yanzu! Rana tsaka, gida cike da mutane, take rangaɗa wa ɗanta kira da sunansa, ko a jikinta. Wata safiya ina juye mata ruwan zafi sai ta ce da ni tana dariya, "Yaya, ni fa ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Anya kin san shi kuwa?"

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Yi maza, ruwan zai huce."

A daren na farka kamar kullum. Na tashi na tsallaka tsakar gida, na ɗaga labulen ɗakin da take kwance, jaririnta a ƙirjinta. Na durƙusa na kai bakina daidai kunnenta na kira sunan, sau uku.

Wannan karon kuwa barci take yi.